Gidan tsofaffin 'yan tsana da kasuwar littattafai a Istanbul, ga yadda na gansu

Duk wanda ya zo Istanbul daga gida wuraren da ake kai shi sanannu ne, Laleli da Merter saboda sarin kaya, Ayasofya da masallacin Sultanahmet saboda hoto, sai Eyup a yi ziyarar kabarin Abu Ayyub Al-Ansari, shikenan a ɗaure kaya a kai kago a koma gida. Ba laifi bane, mai kwana kaɗan da dala a lalita ai ba yawon buɗe ido ya kawo shi ba. Amma mu da zama ya kama mu a garin, karatun maigida yaƙi ci yaƙi cinyewa, dole mutum ya nemi inda zai kai yara ranar hutu wanda ba shagon sayayya ba, don wallahi in ka biye wa manyan shagunan nan kuɗin cefanen wata sai ya tafi a askirim da lilo. Shi yasa nace bari in rubuta akan wurare biyu da na kai 'yata da Gwaggona da ta zo sarin abaya, gidan tarihin kayan wasan yara dake Goztepe da kuma kasuwar littattafai ta Sahaflar dake Beyazit. Tun daga farko in faɗa, na farkon ya ci kuɗinsa har da ƙari. Na biyun kuma sai ka san me kake nema kafin ka shiga.

Gidan kayan wasan sunansa Istanbul Oyuncak Muzesi, yana ɓangaren Asiya a ƙaramar hukumar Kadikoy. In kana ɓangaren Turai ka shiga Marmaray, jirgin ƙasan nan da yake bi ta ƙarƙashin ruwa, ka sauka a Goztepe ko Erenkoy sai ka ɗan taka, Istanbulkart ɗinka, katin biyan kuɗin mota da jirgi, ya ishe ka ba sai ka nemi tasi ba. Unguwa ce ta masu hali, shiru, dogayen benaye ko ina, sai kawai ka hango raƙuman dawa tsaitsaye a bakin titi, mutum-mutumi ne amma dogaye sosai, to ka iso. Gidan kansa tsohon gidan katako ne fari irin na da wanda benaye suka saka a tsakiya. Na dangin mai wurin ne, Sunay Akin, marubucin waƙoƙi ne da Turkawa suka sani sosai a talabijin, shi ya buɗe shi ranar 23 ga Afrilu 2005, kuma ba a banza ya zaɓi ranar ba don ita ce ranar yara a Turkiyya. Abin da ya ja hankalinsa wani gidan tarihin kayan wasa ne da ya gani a Nuremberg ta Jamus, daga nan ya dinga bin shagunan tsofaffin kaya da wuraren gwanjo na ƙasashe yana saye da kuɗin aljihunsa, yanzu abin da aka baje ya kai wajen 4,000. Tunda na mutum ne ba na gwamnati ba tikiti ake yanka a ƙofa, ɗalibai da yara da ragi, ranar Litinin kuma a rufe yake kar wani ya sha wahalar banza.

Gwaggo tun a jirgi take mita. Wai 'yar nan yanzu duk abin da ke garin nan ki rasa inda za ki kai ni sai ɗakin gumaka, ni da na zo neman halak ɗina. Nace Gwaggo ai Nana A'isha ma ta yi wasan 'yar tsana a ɗakin Manzon Allah (SAW), ƙawayenta na zuwa suna yi tare, har akwai ruwayar Abu Dawud da ya ga doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta ya tambaye ta, tace ba ka ji Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba, yayi dariya. Tace ta sani, ai ba yau aka haife ta ba, amma waccan ta tsumma ce. Nan dai muka bar maganar, ni ba malama bace kuma na san malamai sun yi bayani akan bambancin abin wasan yara da mutum-mutumin ado, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da zan iya faɗa shi ne wadda ta shiga tana jan ƙafa ita muka dinga jira a kowane hawa.

Cikin gidan ɗaki-ɗaki ne hawa-hawa, matattakalar katako ce kuma ba faɗi, in da keken jariri kika zo gara ki goya, mai ciwon gwiwa kuma ya hau a hankali. Ba wai an jera kaya a kanta bane kawai, wani mai tsara dandalin wasan kwaikwayo ne Ayhan Dogan ya tsara ɗakunan, shi yasa kowane ɗaki da yanayinsa. Inda aka sa kumbo da 'yan sama jannati duhu ne da ƙananan fitilu a sama, inda aka sa jiragen ƙasa kuma an yi shi tamkar kana cikin tarago har da kujera da taga. Mafi tsufa a cikin kayan akwai wani ɗan ƙaramin goge na Turawa da aka yi a Faransa a 1817, da 'yar tsana daga Amurka ta 1820, da ƙwallayen wasa na 1860 su ma daga Amurka. Akwai motoci da jirage na gwangwani da ake murɗawa su yi tafiya, irin waɗanda kamfanonin Jamus su Lehmann da Schuco suka yi suna da su, fentinsu har yanzu da ƙyalli. Maza za su daɗe a nan, na ga wani dattijo Baturke ya durƙusa gaban wata mota yana nuna wa jikansa, jikan ma hankalinsa na kan waya.

Ni dai 'yan tsanan tangaran ne suka tsayar da ni. Ban taɓa ganin irinsu ido da ido ba sai a fim ɗin ban tsoro, kuma gaskiya a fim an zalunce su. Kan na tangaran ne amma ba mai sheƙi irin na faranti ba, ana gasa shi ba tare da an shafa masa ruwan gilashin nan ba, sai a yi fenti a sake gasawa, shi yasa fuskar take fitowa da laushi-laushi kamar fatar mutum, kumatu da ɗan ja. Gira ɗaya bayan ɗaya aka zana ta da burushi, in ka matsa kusa da gilashin kana ganin kowane sili. Baki a ɗan buɗe da haƙora ƙanana a ciki. Gashin kuma wani na mutum ne na gaske wani na akuyar Ankara ce mai dogon gashi. Idon gilashi ne, kuma dabarar da ke sa shi rufewa in an kwantar da 'yar tsanar ba wani inji bane, idanun biyu an haɗa su da waya ta cikin kai an rataya ɗan dunƙulen dalma, in ta kwanta nauyin ya juya sai fatar ido ta sauko, in ta tashi ya koma. Sama da shekara ɗari kenan ba batir ba caji. Jikin wasu fata ce aka ɗinka aka cusa garin katako, wasu kuma gaɓoɓi ne da aka haɗa da roba ta ciki yadda hannu da ƙafa za su lanƙwasu. Yawancin irin waɗannan daga yankin Thuringia na Jamus suke fitowa, garuruwa irin su Sonneberg da Waltershausen, a ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 nan ne cibiyar 'yar tsana ta duniya, masu tarawa kuma a ƙeya suke duba hatimin kamfani da lambar zubi don su san ta gaske ce. Faransawa su ma suna da nasu, na kamfanin Jumeau da Bru, sun fi tsada sun fi ado. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a Sonneberg ɗin a gidajen talakawa ake yawancin aikin, uwa da uba da yara ƙanana suna ɗinki suna cusa garin katako akan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wato yaran da suka yi ta ba su ne suka yi wasa da ita ba.

To sai ɗakunan 'yan tsana, nan ne Gwaggo ta manta da maganar gumaka. Akwai kicin guda da aka ƙera da komai nasa, murhu, tukwanen jan ƙarfe jere a bango daga babba zuwa ƙarama, farantai a kanta, ludayi, abin niƙa kofi wanda bai fi kan yatsa ba, tsintsiya a lungu. Sak jeren amarya a Kano ranar da 'yan ganin ɗaki za su zo. Gwaggo ta sa tabarau ta dinga ƙirga tukwane tana cewa kai, wannan uwar ta yi wa 'yarta kaya. Akwai shago da sikeli da aljihunan kayan ƙamshi, akwai aji da benci da allo da malami tsaye da 'yan ɗalibai. In ka lura duk ba wasa bane zalla, tarbiyya ce, 'ya mace ana koya mata riƙon gida tun tana ƙarama, namiji ana ba shi shago da jirgi da soja.

Maganar soja ta kawo ni wurin da ya fi tsaya min a rai. Akwai gilashi guda da aka jera sojojin wasa na zamanin Nazi, na shekarun 1930, da tuta da kaki da masu buga ganga suna fareti, har da shi Hitler ɗin a matsayin abin wasan yara. Irin waɗannan da garin katako da gam ake zuba su akan waya, kuma a lokacin sayar da su ake a shaguna kamar kowane abin wasa, iyaye na saya wa yara a bikin Kirsimeti. Yaron da aka saya wa yana ɗan shekara 8 a 1935 kafin yaƙin ya ƙare a 1945 ya isa a sa masa kakin gaske. Na daɗe a gurin. 'Yata ta tambaye ni su waye, nace mugaye ne Mamana mu wuce, don ban ga ta inda zan fara ba.

Ita kuma tambayar da ta yi min a ɗakin 'yan tsana ta fi wannan wuya, wai Umma ina masu kalarmu. Gaskiyarta, kusan duk farare ne masu shuɗin ido da jan kumatu, tunda Turawa ne suka yi wa 'ya'yansu. Gwaggo ce ta karɓe zancen, tace ke taho in gaya miki tamu. Wai su a zamaninsu ƙashin ƙafar rago suke jira, in an yi layya an ci an suɗe sai a wanke shi a shanya, a samo baƙin zare a liƙa a kai a yi masa kitso, a je wajen tela a roƙi ƙyallaye a ɗaura mata zani da kallabi, a sa mata tsakiya a wuya da jigida. Wadda ba ta samu ƙashi ba ta yi da kara. Kuma har biki ake mata, 'yar tsanar wance za ta auri ta wance, a yi tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir, a kai gara, a yi guɗa, wani lokacin har uwar ango da uwar amarya su ɓata a daina magana kwana biyu. Maza kuma suna can suna fafe kara suna motar kara ko ta langa-langa. Tana faɗa tana dariya har ma'aikaciyar wurin ta leƙo. Na tambaye ta ko akwai guda da ta rage, tace wa zai ajiye ƙashi, 'yar nan, ai kare ma ba zai bari ba. Ni kaina ban tarar da ta ƙashi ba, ta roba 'yar Chana na tarar wadda hannunta ke cirewa tun ranar Sallah, 'yata kuma ko wannan ba ta dame ta ba sai katun a waya. Ban ce a gina mana irin wannan gidan gobe ba, amma kusurwa guda a Gidan Makama da 'yar tsanar ƙashi da motar kara da langa-langa ba za ta ci wani kuɗi ba, kuma tsofaffin da suka iya yi suna nan da ransu yanzu.

Su Turkawa ba su bar nasu ba. An yi kwaikwayon shagon masu kayan wasa na Eyup, don tun zamanin Daular Usmaniyya unguwar Eyup ce aka sani da wannan sana'ar, 'yan ganguna, usur na yumɓu, kekunan katako masu fenti ja da kore, iyaye in sun kai yaro ziyara musamman lokacin kaciya sai a saya masa. Kusa da na Jamus sai ka ga kamar ba a gama su ba, amma ni sun fi kwanta min. Akwai kuma beyar ɗin yara masu laushi, a nan na san labarin Margarete Steiff, mace ce da shan inna ya kama tun tana jaririya, a keken guragu ta yi rayuwarta tana ɗinki a wani ƙaramin gari Giengen, a 1880 ta ɗinka 'yar giwa don soka allura sai yara suka mayar da ita abin wasa, daga nan kamfani ya tashi, ɗan ɗan'uwanta Richard ya zana beyar a 1902, har yau kuma da maɓalli a kunne ake gane nasu.

Abin da zan ja hankalin iyaye akai, komai a bayan gilashi yake, ba a taɓawa. Yaro ɗan shekara 3 ko 4 da ka ce masa za a je gidan kayan wasa zai zaci zai hau ne ya tuƙa, in ya ga ba hali kuka za ku sha. Daga shekara 6 zuwa sama sun fi jin daɗinsa, manya kuma sun fi kowa. Ranakun makaranta ana kawo ɗalibai aji-aji, to gidan ba faɗi, in kun haɗu da su sai haƙuri, Asabar da Lahadi kuma iyalai ne. Da safe da an buɗe ya fi. Akwai wurin shan shayi a ƙasa mai kyau inda za a huta, da ɗan shagon tsaraba wanda shawarata ki riƙe hannun yaro ki wuce da sauri. In kana jin Turkanci ko da kaɗan ne za ka fi ƙaruwa, in ba ka ji ka tafi da mai ji ko ka sa waya ta fassara maka.

Daga nan muka sauko Kadikoy muka hau jirgin ruwa zuwa Eminonu, wanda shi kansa yawo ne mai zaman kansa akan kuɗin mota, shayi a ɗan kofin gilashi, yara na jefa wa tsuntsaye simit, burodinsu mai riɗi. Sai taram, jirgin ƙasan cikin gari, layin T1 zuwa tashar Beyazit. 'Yan Laleli ku ji da kyau, wurin nan tasha ɗaya ce tsakaninku da shi, da ƙafa ma za ku je, amma na san hajiyoyin da suka shekara goma suna zuwa sari ba su taɓa leƙawa ba.

Sahaflar wani ɗan tsakar gida ne a maƙale tsakanin masallacin Beyazit, wanda Sultan Bayezid na biyu ya gina aka gama a 1506, da babbar kasuwar Kapalicarsi. Ka fito daga hayaniya da masu jan hannunka suna my friend my friend, ka shiga wata ƙofa sai ka ji tsit, inuwar bishiya, shaguna ƙanana a zagaye, maguna kwance akan littattafai ba mai korarsu. Asali masu littattafan a cikin babbar kasuwar suke, bayan girgizar ƙasa ta 1894 suka dawo nan, gobara ta cinye wurin a 1950 aka sake gina shi, don haka ginin da za ka gani ba wani tsoho bane, sana'ar ce tsohuwa. A tsakiya akwai mutum-mutumin kan Ibrahim Muteferrika, mutumin ƙasar Hungary ne da ya musulunta, shi ya samu izinin Sultan Ahmed na uku a 1727 ya kafa maɗaba'ar farko ta Musulmi a daular, da sharaɗin ba zai buga littattafan addini ba, littafin farko ya fito a 1729, ƙamus ne na Larabci da Turkanci, gaba ɗaya littafi 17 ya buga. Gwaggo tace to ga wani gunkin kuma, yau dai kin sha alwashi.

Yanzu gaskiyar magana. In ka shiga da tunanin za ka tarar da tsofaffin littattafai jibge ko ina za ka ɗan ji sanyin gwiwa, don yawancin abin da ke kan tebura littattafan jarrabawa ne, na shiga jami'a da na neman aikin gwamnati, ga Jami'ar Istanbul nan a tsallaken fili ɗalibai su ne kasuwar. Sai Alƙur'anai da littattafan addini da Turkanci, sai kayan 'yan yawon buɗe ido, rubutun ado na Larabci a firam, zane-zanen sarakuna, tasbaha, abin maƙalawa a firji. Ba na ganin laifinsu, haya ake biya. Amma sai ka shiga ciki, can ƙuryar shago, ka ɗaga kai sama, nan tsofaffin suke.

Shagon da muka zauna na wani dattijo ne mai farin gashi da rigar sanyi, shagon bai fi mutum huɗu su tsaya ba, littattafai har rufi da ɗan tsani a jingine. Bai taso mana da ciniki ba, hos geldiniz kawai yace, wato sannu da zuwa, ya cigaba da karatunsa, sai da ya ga Gwaggo ta ɗauko wani mai baƙin bango tana motsa baki sannan ya sauke tabarau. Littafin Turkanci ne na zamanin Usmaniyya da haruffan Larabci, takardar ta yi ruwan ƙasa tana wannan ƙanshin na tsohuwar takarda, gefen shafi wani ya yi rubutu da fensir siriri. Gwaggo ba ta jin ko kalma ɗaya amma tana haɗa baƙi tana fitar da sauti, tunda da allo ta fara kuma har yau lissafin bashinta da ajami take rubutawa. Mutumin ya kira yaro ya kawo shayi. Da guntun Turkancina da guntun Larabcinsa ya gane daga Najeriya muke kuma mu ma muna rubuta harshenmu da waɗannan haruffan, shi kuma ya nuna min da hannu cewa matasan da ke wucewa a waje ba za su iya karanta shafin nan ba. Haka ne kuwa, a 1928 Ataturk ya sauya haruffa zuwa na boko, cikin ɗan lokaci aka daina buga komai da na da, yau Baturke in bai je ya koya musamman ba ko rubutun kan kabarin kakan kakansa ba zai karanta ba. Mu namu ajamin ba a hana shi rana ɗaya ba, a hankali boko ya ture shi gefe, amma inda aka dosa kusan ɗaya ne.

Sai aka koma kan Alƙur'ani, nan hira ta yi daɗi. Gwaggo da Warshu ta tashi, rubutun nan namu mai kauri wanda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, su kuma Hafsu suke karantawa da siririn rubutu. Ya buɗe mata bugunsu ya nuna mata kowane shafi layi 15 ne, kuma kowane shafi da ƙarshen aya yake ƙarewa, juzu'i shafi 20. Akan wannan tsarin haddarsu take, kuma wata irin hadda ce da ban taɓa ji ba sai a nan, yaro ba daga farko yake farawa ya bi a jere ba, shafin ƙarshe na juzu'i na ɗaya zai haddace, gobe shafin ƙarshe na juzu'i na biyu, haka har talatin, sannan ya dawo ya ɗauki shafin da ke kafin na ƙarshe ya haɗa, a haka har ya cike. Gwaggo ta riƙe baki tace ikon Allah, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ta sayi guda mai manyan baƙi saboda idonta, ya sa mata a jaka ya miƙa da hannu biyu, ya ƙara wa 'yata ɗan littafin koyon baƙi kyauta.

Ciniki a nan ba irin na Kapalicarsi bane da za a ce dubu ka ce ɗari biyu. Sabon littafi kuɗinsa na jiki, ɗan ragi ne kawai, tsoho kuma mai shi ya san abin da yake riƙe da shi, in ka yi masa tayin wulaƙanci zai mayar kan kanta ne ya cigaba da shan shayinsa. Abu biyu kuma a kiyaye. Zanen nan masu kala na sarakuna da mahaya da ake sayarwa akan tsohuwar takarda, da yawansu takardar ce tsohuwa, an ciro ta daga wani littafi an yi sabon zane a kai, in ado kake so saya abinka amma kar ka biya kuɗin kayan tarihi. Na biyu in ma ka samu rubutun hannu na gaske mai shekaru, Turkiyya na da doka tun 1983 da ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar, a filin jirgi za a iya tsare ka akan abin da ka saya da kuɗinka, don haka ka tambaya kafin ka biya.

Ɗaliban ilimi masu neman littattafan Larabci, tafsiri da fiƙihu da nahawu bugun Beirut ko Alƙahira, za ku samu kaɗan a nan amma ba nan ne gidansu ba, ku hau zuwa unguwar Fatih wajen babban masallacin, tun da Siriyawa suka yi yawa a can shagunan littattafan Larabci suka cika, kuma da Larabci za ku yi ciniki. Mai neman na Turanci na hannu ya gwada Aslihan Pasaji a Beyoglu, ko Akmar Pasaji a Kadikoy wanda ma ya fi kusa da gidan 'yan tsanan in ba a son tsallaka ruwa. Mu haɗa biyun da muka yi a yini ɗaya ya yi wa Gwaggo yawa, ƙafarta ta kumbura washegari ko Laleli ba ta fita ba, in da tsoho ko ƙaramin yaro a tafiyar a raba su kwana biyu, gidan 'yan tsana da safe, Sahaflar kuma bayan azahar a yi sallah a masallacin Beyazit a shiga ta ƙofar da ke gefensa.